John McEwen Dalziel

John McEwen Dalziel (1872 – 1948) likita ne kuma masanin tsirrai ɗan Birtaniya, wanda ya yi aiki a Arewacin Najeriya a farkon mulkin Turawa. An fi saninsa da tattara sunayen itatuwa da ciyayi na Hausa, tare da haɗa kowane suna da takwaransa na kimiyya. Shi ne marubucin A Hausa Botanical Vocabulary, ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa wanda ya fito a 1916, da kuma The Useful Plants of West Tropical Africa, littafin amfanin tsirran Afirka ta Yamma, wanda ya fito a 1937. Shi da John Hutchinson ne suka rubuta Flora of West Tropical Africa, wanda aka buga kashi-kashi daga 1927 zuwa 1936.

Tsirrai da dama na ƙasar Hausa suna ɗauke da sunansa a littattafan kimiyya, cikinsu har da karan masallaci da hano. Littattafansa na daga cikin na farko da mai karatu zai buɗe ya gane cewa wasu tsirran da ake ƙawata lambuna da su a ƙasashe masu zafi, irin su kariya, moda da kajinjiri, tsirran gida ne da Hausawa suka daɗe da sani.

Haihuwa da karatu

An haifi Dalziel a garin Nagpur na ƙasar Indiya a shekarar 1872, lokacin da ƙasar take ƙarƙashin mulkin Birtaniya. Sunan Dalziel na mutanen Sukotland ne, kuma su can ba sa furta harafin z da ke cikinsa, kusan Diyel suke cewa. Wasu littattafai suna rubuta sunansa na tsakiya McEwan, wasu kuma McEwen. A kan littattafansa J. M. Dalziel ake gani.

Ya yi karatun likita a Jami'ar Edinburgh, ya kammala a 1895. A wancan zamani ilimin tsirrai yana cikin darussan da ake koya wa ɗaliban likitanci a Edinburgh, domin yawancin magungunan asibiti daga saiwa, ɓawo da ganye ake samo su. Shi ya sa da yawa daga cikin masu tattara tsirrai na daular Birtaniya likitoci ne.

Shekarunsa a ƙasar Sin

Daga 1895 zuwa 1902 Dalziel ya yi aikin likitan mishan a kudancin ƙasar Sin, a yankin Shantou da ke lardin Guangdong. A nan ya fara tattara tsirrai a lokutan da ba ya asibiti. Yadda ake aikin shi ne a tsinko reshe mai ganye da fure ko 'ya'ya, a matse shi tsakanin takardu har ya bushe, sannan a rubuta inda aka same shi da ranar da aka tsinke shi. Irin wannan busasshen samfuri yakan yi fiye da shekara ɗari bai lalace ba idan an kare shi daga danshi da ƙwari, kuma da shi masana suke tantance ko tsiro sananne ne ko kuwa ba a taɓa bayyana shi a kimiyyance ba.

Aiki a Arewacin Najeriya

A 1905 Dalziel ya shiga rukunin likitocin gwamnatin Birtaniya na Afirka ta Yamma, aka turo shi Arewacin Najeriya. Shekara biyu ke nan da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, kuma hedikwatar mulkinsu tana Zungeru. Likitocin gwamnati kaɗan ne, ana yawan sauya musu wurin aiki, tafiya kuma a kan doki ce tare da 'yan alaro. Wannan yawo ya kai shi sassa daban-daban na ƙasar. Samfuran da ya aika lambun Kew da ke Landan suna ɗauke da sunayen wurare irin su Lokoja, Zungeru, Kontagora, Sakkwato, Katagum, Yola da Abinsi. Lardin Sakkwato na wancan lokaci ya haɗa da ƙasar da ta zama Jihar Zamfara a 1996, har da Talata Mafara, Bakura da Maradun.

Kafin zuwansa, abin da masana a Turai suka sani game da tsirran wannan yanki bai taka kara ya karya ba. Theodor Vogel a 1841 da Charles Barter a ƙarshen shekarun 1850 sun tattara tsirrai, amma galibi a bakin kogin Kwara da ƙasar Nufe. Heinrich Barth, wanda ya ratsa Katsina, Kano da Sakkwato a shekarun 1850, ya ambaci sunayen itatuwa da Hausa a labarin tafiyarsa, sai dai shi ba masanin tsirrai ba ne. Dalziel ya haɗa abubuwan biyu: ya koyi Hausa, yana tambayar sunan tsiro da amfaninsa, sannan ya aika samfurinsa Kew a tabbatar da sunan kimiyya.

A 1910 mujallar lambun Kew ta buga bayaninsa a kan albarkatun tsirrai na lardin Yola. A wannan shekara ce John Hutchinson ya bayyana itacen hano a kimiyyance, ya sa masa suna Boswellia dalzielii.

Bai bar aikin lafiya ba duk da wannan. Bayan haɗe Arewa da Kudu a 1914 ya yi aiki a Legas, kuma a 1920 ya wallafa bincike a kan wuraren da sauro ke hayayyafa a birnin, musamman ramukan ƙaguwa da kogunan itatuwa masu tara ruwan sama. Daga baya ya yi aiki a sashen tsabtar gari na Gwalkwas, wato Gana ta yau.

Ƙamus na 1916

Kamfanin T. Fisher Unwin na Landan ne ya buga A Hausa Botanical Vocabulary a 1916. Ƙaramin littafi ne mai shafi ɗari da 'yan kai. An jera sunayen Hausa bisa tsarin abacada, kowane suna da sunansa na kimiyya, da ɗan bayanin kamannin tsiron da abin da ake yi da shi, ko abinci, ko magani, ko rini, ko igiya, ko dafi. A wurare da yawa ya nuna inda sunan Sakkwato ko Katsina ya bambanta da na Kano.

Wahalar aikin tana ga yadda sunaye suke. Tsiro ɗaya yakan sami suna biyu ko uku, kamar hano da ake kuma kira ararrabi. Wani lokaci suna ɗaya ya hau kan tsirrai da yawa masu kama da juna. Wani lokaci kuma kowane sashe na itace yana da nasa suna: ganyen goriba shi ne kaba, tsiron ƙwallon giginya da ake dafawa shi ne muruci, gungumenta da aka tsaga don rufin soro shi ne azara. Baƙon da bai san wannan ba sai ya ɗauka itatuwa ne dabam-dabam. Ga likita kuwa kuskuren suna ba ƙaramin abu ba ne, tunda a cikin tsirran da suka yi kama da juna akwai na magani akwai masu kisa.

Littafin ya fito kafin a daidaita rubutun boko, don haka ya yi amfani da ch a inda ake rubuta c a yau, kuma babu haruffa masu lanƙwasa. Har yanzu ana ganin tasirin wannan tsohon rubutu a takardun bincike da ke rubuta karan masallachi.

Tsirrai masu tara ruwa a jiki

A ƙasar da rani yake kai wata bakwai ko takwas, akwai tsirran da ke rayuwa ta hanyar ajiye ruwa a kara, ganye ko gindi. Irinsu ne masu lambu a ƙasashe masu zafi suka fi nema, saboda ba sa buƙatar ban ruwa sosai. Dalziel ya rubuta sunayen da yawa daga cikinsu.

Karan masallaci tsiro ne gajere mai kara kore, kauri, mai kusurwa huɗu, wanda ke fitowa cunkus a wurare masu duwatsu. Furensa ƙarami ne mai siffar tauraro. N. E. Brown, ƙwararren lambun Kew a kan irin waɗannan tsirrai, shi ya sa masa suna Caralluma dalzielii a 1912. Masu maganin gargajiya suna amfani da shi, kuma masu bincike a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato sun wallafa nazarce-nazarce a kansa.

Kariya, wadda ake kira Adenium obesum a yau, tana da gindi mai kumburi da fure ja-ja mai haske, kuma takan yi fure da rani bayan ganyenta ya zube. Ruwan jikinta dafi ne. A yanzu tana cikin tsirran tukunya da aka fi ciniki a duniya, inda masu lambu a Tailan da Taiwan suka fitar da launuka iri-iri ta hanyar barbara da aure.

Aguwa, tinya, kyarana da fid-da-sartse duk 'yan jinsin Euphorbia ne, kuma dukansu suna fitar da farin ruwa kamar nono idan an karya su. Aguwa ce ake dasa shinge da ita a gonakin Sakkwato, Katsina da kudancin Nijar: a yanko reshe a kafa a ƙasa, ya kama da kansa. Ruwan tinya da na kyarana yana ƙona fata, yana kuma iya lahanta ido, abin da ya kamata mai dasa su a gida mai yara ya sani.

Zabuwa, wadda wasu ke kira kabar giwa, 'yar jinsin Aloe ce, kuma ɗigo-ɗigon farin da ke ganyenta ne ya sa aka kamanta ta da zabo. Moda kuwa, wato Sansevieria liberica, ana fitar da zare mai ƙarfi daga ganyenta a yi igiya da tsirkiyar baka. 'Yan uwanta ne ake ajiyewa a tukwane a ofisoshi da otal-otal saboda juriyarsu.

Dangin giginya da ƙananan itatuwa

A dangin giginya da dabino, Dalziel ya tantance waɗanda Hausawa suka sani. Giginya ita ce Borassus aethiopum, doguwa mai kumburi a saman gangar jiki, wadda Hausawa ke cewa na nesa ne ke shan inuwarta. Akwai namiji akwai mace, kuma macen ce kaɗai ke 'ya'ya. Goriba ita ce Hyphaene thebaica, wadda ta fita dabam a danginta domin gangar jikinta tana rabuwa biyu, kowane reshe ya sake rabuwa. Kajinjiri, ko dabinon biri, shi ne Phoenix reclinata, mai fitowa rukuni-rukuni a bakin rafi, kuma ana dasa shi don ado a wurare irin su Fulorida da Kalifoniya. Tukurwa 'yar jinsin Raphia ce, daga gare ta ake samun gwangwala.

A ƙananan itatuwa akwai lalle, wanda ban da ƙunshi ana yin shinge da shi saboda ƙamshin furensa, da bi-ni-da-zugu, da tumfafiya, da sabara, da geza. Hano ya fi su girma. Ɓawonsa yana saɓulewa kamar takarda, ƙaronsa ana turare da shi, kuma ana kafa rassansa su zama shinge mai rai. Jinsinsa ɗaya da itacen da ake samun lubban a kudancin Larabawa da Somaliya.

Aiki a Kew da tafiyar 1927

Dalziel ya bar aikin likitan gwamnati a farkon shekarun 1920 ya koma lambun Kew, inda Arthur Hill yake shugabanci. A nan aka haɗa shi da John Hutchinson don rubuta littafi guda da zai ƙunshi dukan tsirrai masu fure na Afirka ta Yamma, daga Senegal zuwa Tafkin Chadi da yammacin Kamaru. Hutchinson gwani ne a rarraba tsirrai dangi-dangi, kuma da tsarinsa aka jera littafin. Dalziel kuma shi ne ya ga tsirran a inda suke fitowa. Kashi na farko ya fito a 1927, na biyu a 1928, na uku a 1931, na ƙarshe a 1936. Sunayen kimiyya da suka daidaita tare suna ɗauke da alamar Hutch. & Dalziel, misali itacen maje, Daniellia oliveri.

A farkon 1927 ya sake zuwa Afirka ta Yamma a cikin Utowana, jirgin ruwan wani attajirin Amurka mai suna Allison Armour, wanda ya ba da shi don aikin neman tsirrai. Jagoran masanan da ke jirgin shi ne David Fairchild na ma'aikatar gona ta Amurka, wanda aikinsa shi ne nemo iri daga ƙasashen duniya a gwada shuka su a can. Sun tsaya a Gambiya, Saliyo, Laberiya, Gwalkwas, Kamaru da tsibirin Fernando Po, wanda yanzu ake kira Bioko. Fairchild ya ba da labarin tafiyar a littafinsa Exploring for Plants na 1930. Lambun da aka buɗe da sunan Fairchild kusa da Miami a 1938 ya yi suna wajen tara dangin giginya da dabino daga ƙasashe masu zafi.

Littafin 1937

The Useful Plants of West Tropical Africa ya fito a 1937 a matsayin rataye ga littafin da suka rubuta da Hutchinson, amma ya zama littafi mai cin gashin kansa, mai shafi sama da 600. A ƙarƙashin kowane tsiro ya kawo sunayensa a harsunan yankin, cikinsu har da Hausa, Fulatanci, Barbarci, Nufanci, Yarbanci da harsunan Gana da Saliyo, sannan ya bayyana amfaninsa a abinci, magani, gini, saƙa, rini da al'ada. Kasancewarsa likita ya sa ya mai da hankali ga tsirrai masu dafi da yadda suke aiki a jiki. An sake buga littafin bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ya daɗe yana hannun malaman daji, malaman gona da masu binciken magunguna.

Muhimmancin aikinsa da giɓinsa

Ilimin da ke cikin littattafan Dalziel na manoma ne, da makiyaya, maharba, wanzamai, ungozomomi da masu saiwa da ya yi hira da su. Kamar yadda aka saba a rubuce-rubucen zamanin mulkin mallaka, littattafan sun fita da sunan marubucin, tsirran kuma aka raɗa musu sunayen Turawan da suka aika samfuri, ko da yake suna da sunayensu na gida tun da daɗewa. Akan sami akasin haka jefi-jefi, kamar itacen doka da aka bar wa sunansa na Hausa a Isoberlinia doka. Haka kuma gwamnatin da yake wa aiki tana da tata bukata, ta gano abin da za a iya fitarwa kasuwar Turai, irin su ƙaro, roba, kaɗanya da zare.

Ta fuskar harshe, bai nuna karin sauti ko tsawon wasali ba, kuma sunayen kimiyya da yawa da ya yi amfani da su an sauya su daga baya. Kariya, misali, a zamaninsa Adenium honghel ake ce mata. Waɗanda suka biyo baya sun yi gyare-gyare. R. W. J. Keay da F. N. Hepper sun sabunta Flora of West Tropical Africa daga 1954 zuwa 1972. Z. O. Gbile na Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Najeriya da ke Ibadan ya fitar da jerin sunayen tsirrai na Hausa a 1980. H. M. Burkill ya faɗaɗa littafin 1937 zuwa juzu'i shida tsakanin 1985 da 2004, yana nuna sunayen da ya ɗauko daga Dalziel.

Darajar abin da ya rubuta ta ƙaru saboda ƙasar ta sauya. A kwarin gulbin Sakkwato, alal misali, madatsar ruwa ta Bakolori da aka kammala a 1978 ta mamaye gonaki da ƙauyuka a wajen Maradun, an share filaye an baje su don noman rani a wajen Talata Mafara da Bakura, ambaliyar da ke shayar da fadamun da ke ƙasa da madatsar kuma ta ragu. A sauran sassan Arewa, faɗaɗa gonaki da saran itacen wuta sun rage daji. Inda itace ya ɓace, sunansa ma yakan fita daga bakin yara. A lokaci guda kuma masu sayar da furanni a bakin titunan Kano, Kaduna da Abuja suna sayar da kariya, zabuwa da dangin moda da sunayen Turanci, masu saye da yawa ba su san suna da sunan Hausa ba. Jerin da Dalziel ya bari yana cikin hanyoyin da ake bi a mayar da kowane tsiro ga sunansa.

Mutuwa da tunawa da shi

Dalziel ya mutu a unguwar Chiswick ta birnin Landan, kusa da lambun Kew, a shekarar 1948. Yawancin samfuran da ya tattara a Afirka ta Yamma suna ma'adanar busassun tsirrai ta Kew, wasu kuma suna Edinburgh.

A ƙa'idar sunayen tsirrai, kalmar Dalziel a bayan sunan kimiyya tana nufin shi ne. Akan rikita shi da Nicol Alexander Dalzell, wani masanin tsirrai ɗan Sukotland da ya yi aiki a yankin Bombay na Indiya a ƙarni na 19, wanda alamarsa ita ce Dalzell.

Ban da Caralluma dalzielii da Boswellia dalzielii, W. B. Turrill ya raɗa wa wani jinsin tsiro na Afirka ta Yamma suna Dalzielia a 1916. Akwai kuma wani sauro, Aedes dalzieli, wanda F. V. Theobald ya bayyana a 1910, mai ɗauke da sunansa.